Kundin zanen Norman Rockwell da na saya a Samaru

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce na tsaya a wani shagon tsofaffin littattafai da ke Samaru, kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ina neman abin da zan nuna wa ɗalibaina a darasin zane. Mai shagon, wani dattijo da ya san ni tun ina ɗalibi, ya ce, "Malam, na ajiye maka wani kundi, na san irin naka ne." Ya zaro shi daga ƙarƙashin tulin littattafan likitanci, ya kakkaɓe ƙurar da ke kansa, sai ga kundin zane-zanen Norman Rockwell, Ba'amurken da aka haifa a birnin New York a 1894 ya rasu a 1978. Wata uku ke nan ina aiki da shi a aji, shi ya sa nake ganin zan iya faɗin ingancinsa da aibinsa ba da ka ba.

Kundin babba ne mai kaurin bango, takardarsa mai sheƙi ce da nauyi, kuma an jera zanen bisa shekaru, abin da ya fi komai amfani ga malami. Mutum yana buɗe shafukan farko ya ga aikin saurayin da ya zama editan zane na mujallar Boys' Life yana ɗan shekara 19, sannan ya iso 1916, lokacin da zanensa ya fara fitowa a bangon mujallar The Saturday Evening Post. Ya yi shekara 47 yana yi wa wannan mujalla aiki, ya zana mata bango fiye da 320, kuma kusan dukkansu rayuwar talakawa ce: wanzami da yaro, likitan ƙauye, sojan da ya dawo gida, 'yan gulma suna miƙa magana daga baki zuwa baki. Maƙwabtansa yake kirawo su tsaya masa, daga baya ya riƙa sa a ɗauki hotonsu yana zane daga hoton, don haka fuskokin ba su da kamar na ƙirƙira.

Shafin da ya fi riƙe ni shi ne zanen 1951, inda wata tsohuwa da ɗan yaro suka sunkuyar da kai suna addu'a kafin cin abinci a wani gidan abinci mai cunkoso, samari biyu a teburinsu sun zuba musu ido. Maɗaba'ar ta yi ƙoƙari a nan, domin ana ganin tattarar fatar hannun tsohuwar, da lemar da ke jingine, da hasken da ke shigowa ta tagar da ta yi hazo. Da na ɗaga shafin a aji, wata ɗaliba ta ce ita dai kakarta ta gani, wadda ko a tashar mota ba ta kai loma baki sai ta yi bismilla. Ban ƙara bayani a kan wannan ba, domin yarinyar ta riga ta gane abin da mai zanen yake so a gane. Wannan zanen ne aka sayar a kan dala miliyan 46 a 2013.

Zane huɗun nan na 1943, waɗanda ya yi bisa jawabin Shugaban Amurka Roosevelt na 1941 a kan 'yancin magana da na addini da kuɓuta daga talauci da tsoro, kowanne ya samu cikakken shafi. Na fi ƙaunar na 'yancin magana, inda wani ma'aikaci sanye da tsohuwar riga ya miƙe a taron gari, masu kwat suna sauraronsa. An zagaya da zanen huɗu a biranen Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, aka tara fiye da dala miliyan 130 na rancen yaƙi.

Akwai aibi, kuma ya faɗa a inda bai kamata ba. Wanda ya bi shafukan farko zai lura cewa da wuya ya ga baƙar fata, in ma ya gani to ma'aikacin hidima ne, domin haka tsarin mujallar The Saturday Evening Post yake a wancan zamani. Sai da Rockwell ya bar ta a 1963 ya koma mujallar Look sannan ya zana Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara shida da jami'an tsaro huɗu suka raka makarantar Turawa a New Orleans a 1960, tana tafe da farar riga, ga tumatirin da aka jefa ya fashe a bango. Wannan zanen na 1964 shi ne shaidar cewa Rockwell bai tsaya a zanen daɗin rai kaɗai ba, amma masu kundin sun shimfiɗa shi a kan shafi biyu, ɗinkin tsakiya ya haɗiye wani sashe nasa, har sai an danne littafin da ƙarfi kafin a ga bangon sosai. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Bayanan da ke ƙarƙashin kowane zane kuma ƙanana ne ainun, kuma manne bangon ya fara tsagewa da shigowar hunturu, sai da na kai shi wurin mai ɗinkin littattafai a Sabon Gari.

Duk da haka ina ba malaman zane shawarar su saye shi idan sun ci karo da shi, musamman a wannan gari na Zariya da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da abokansu suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suna cewa ɗan Najeriya ya koyi dabarar Turawa amma ya zana abin da ke gabansa. Da wannan niyya na yi amfani da kundin. Na hana ɗalibai kwaikwayon ko shafi ɗaya, na tura su su zano mai shayin unguwarsu da masu jiran keke-napep a Kwangila. Wanda zai saya ya buɗe tsakiyar littafin ya duba ɗinkin tun a shago, ya kuma ƙirga shafukan zane huɗun nan, domin mai shagon ya gaya mini cewa su ne aka fi yagewa a manna a bango.