Daga Dubai zuwa Garuwa: yadda ta kaya a ganawar neman aiki

Yaya, ina gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. A gaishe mini da Inna, a ce mata ƙafar ta yi sauƙi.

Kun ce in faɗa muku ko sana'armu tana da daraja a nan. Tana da ita, amma sai da na sha kunya kafin na gane inda darajar take. Shekara 8 na yi ina karɓar kaya a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare ina ɗorawa a kamiyo, wato manyan motoci, su bi Garuwa da Marwa da Kusiri, su haye gadar Ngeli su shiga Njamena. A gida wannan ya isa shaida. Alhaji zai tambayi ɗan wane ne kai, wa ka sani a duwan, wato kwastan, shi ke nan ya miƙa maka dukiyarsa.

Ganawata ta farko a wani kamfani kusa da tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali aka yi ta. Na zage ina ba matar da ke yi mini tambayoyi labarin shingayen jandarma da yadda nake lallaɓa direbobi. Ta bari na gama, ta ce na iya SAP, wato manhajar kwamfuta da kamfanoni ke lissafin kaya da ita? Mene ne bambancin FOB da CIF, wato sharuɗɗan ciniki kan wanda zai biya kuɗin jirgi da inshora? Na biyun na sani, tun daga takardun Duwala, amma bakina ya riga ya mutu. A idonta ɗan kamasho ne ya sa kwat. Ko kira ba su yi ba.

Wani ɗan Cadi da muke haya tare ne ya ce in daina ba su labari, in ba su lissafi: kwana nawa kaya ke yi a hanya, nawa na rage, buhu nawa ke lalacewa. A ganawa ta uku manajan ya kawo zancen jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a Maris na 2021, ya ce in hanya ta rufe me zan yi? Na kusa dariya. Na kwatanta masa hanyar Mora zuwa Dabanga da damina, yadda nake tura kaya tun kafin ruwa ya zauna, nake raba lodi biyu don kada duka ya maƙale. Ya gyara zama. Ashe abin da muke kira wahala, su suna da shi a littafi har da suna.

Maganar kaya kuwa, sauri sai a nan. Ka taɓa waya da safe, kafin magariba an ƙwanƙwasa ƙofa, kuma kana ganin inda kayan suke a taswira, ba sai ka yi ta kiran yaron mota ba. Sai dai kusan komai baƙo ne. Albasar da nake saye ta Indiya ce, ba ta kama ƙafar ta Marwa ba, kifin kuma ya kwana a ƙanƙara har ya manta ruwa. Karfasar Lagdo nake mafarki. Kuɗin haya kar ma a yi zancensa, mu huɗu ne a ɗaki.

Na fara aiki a sito ranar Litinin, gwajin wata 3. Don Allah Yaya ku karɓo mini takardar shaidar aiki wajen tsohon maigidana, da hatimi a kai, a nan ba sa karɓar magana da baki. In Malam zai taho, a haɗo masa da yaji da kilishi.