Babban karo, dogon karo ko mai kusurwa shida: wanne ya dace da ƙaramin makewayi?

Hajiya, kin tambaya wane fasalin karo, wato tayil ɗin da ake sa wa daɓe da bango, za ki zaɓa wa makewayin da kike gyarawa a gidanki na Yamai, mai faɗin mita 1 da rabi da tsawon mita 2, bayan kin ga iri uku a kasuwar Katako: babban murabba'i mai santimita 60 a kowane gefe, dogo mai 30 da 60, da kuma ƙanana masu kusurwa shida irin saƙar zuma. A ganina, tilas ne a raba maganar daɓe da ta bango, domin aikinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da ke jan hankali ga babban murabba'i shi ne ƙarancin tsagi tsakanin karo da karo. A mita ɗaya murabba'i, mai 60 yana barin tsagi kusan mita 3 da ɗigo 3, murabba'i mai 30 yana barin ninkin haka, mai 10 kuwa har mita 20, kuma a cikin tsagin nan ne dauɗar sabulu da ƙurar hunturu suke maƙalewa su yi baƙi. Matsalarsa tana daɓe. Wurin wanka yana buƙatar gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa ramin fitar ruwa, shi kuwa babban karo ba ya lanƙwasa, saboda haka ko dai mai aikin ya yanka shi a karkace ta kowane ɓangare na ramin, ko kuma ya shimfiɗa shi a miƙe ruwa ya riƙa kwanciya. Na taɓa shiga makewayin da aka yi wa haka: idan an yi wanka da bokiti ɗaya, sai an bi ruwan da tsintsiya daga bayan ƙofa ana kora shi zuwa rami. Ga kuma lissafin ɗakinki: faɗin santimita 150 zai ci karo biyu da rabi na mai 60, alhali mai 30 zai shiga sau biyar, ƙwarya ta bi ƙwarya, sai ɗan abin da tsagi zai ci.

Dogon karo kuwa bango ne wurinsa. Idan an kwantar da shi, ido yana bin tsawonsa sai ɗakin ya yi kamar ya ƙara faɗi; idan an tsayar da shi, rufin ne yake yin kamar ya ɗaga. Sai dai ki gaya wa mai aikin kada ya jera shi rabi kan rabi irin jerin bulo, saboda dogon karo yakan ɗan yi doro a tsakiya tun daga gashin da ake yi masa a wuta lokacin ƙera shi, kuma idan tsakiyar wannan ta haɗu da bakin wancan, hannu zai ji tudu. Gocewar kashi ɗaya cikin uku na tsawon karon ta wadatar.

Mai kusurwa shida ya fi su duka bin gangara, kuma yawan tsaginsa yana riƙe ƙafa, abin da ba a raina shi a gidan da tsofaffi ke alwala da buta. Amma kowane gefen bango sai an yanka, aikinsa yana cin lokaci da kuɗin hannu, kuma wankinsa sai da buroshi.

Da ni ce, da na sa dogo mai haske a kwance a bango, na sa murabba'i mai 30 ko mai 20 marar sheƙi a daɓe, domin mai sheƙi yana santsi da zarar sabulu ya taɓa shi. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awonki, ko 15 idan kin tsaya kan mai kusurwa shida, kuma ki saye su rana ɗaya ki duba lambar da ke jikin kwalayen, saboda kwali biyu masu suna ɗaya kan bambanta a launi idan ba gashi ɗaya ba ne.