Aikin toshe yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta hanci: yadda na gan shi

Gaskiya wannan aikin ya burge ni, duk da akwai inda nake da ƙorafi. Yayata aka yi wa. Ta daɗe ruwa fari kal na ɗigo mata ta hanci ɗaya, in ta sunkuya sai ya ƙaru, ga gishiri-gishiri a maƙogwaro, kowa yana cewa mura ce, ashe ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka ne ya samu ɓula a ƙasan ƙoƙon kai yake tsiyaya. Abin tsoron kuma sanƙarau ne, don ta wannan ƙofar ƙwayoyin cuta za su iya shiga.

Sun gwada ruwan sun ga sinadarin beta-2 transferrin, wanda ke nuna ruwan ƙwaƙwalwa ne ba majina ba, suka yi hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai, suka gano wurin ɓular. Mu duk mun zata buɗe kai za a yi, sai likitan ya ce a'a, ta hanci za su shiga da kyamara siririya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne facin. Fatar bangon da ya raba hanci biyu suke ɗayewa amma ba sa cire ta gaba ɗaya, suna barin ta manne da jijiyar jininta sai su juya ta su rufe ɓular, to tunda jini na ci gaba da zuwa mata da ranta take, shi ya sa take kamawa da kyau. Wasu likitocin Ajantina, Hadad da Bassagasteguy, su suka fito da dabarar, an wallafa ta a 2006. Ita yayar tawa har kitse kaɗan suka ɗebo a cikinta suka fara cusawa a ɓular.

Yoyo kam ya tsaya cak, Alhamdulillah, ko tabo babu a fuska.

Ƙorafina bayanin bayan aiki ne. Sun faɗa mata kar ta fyace hanci, atishawa baki a buɗe, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba yunƙuri a bayan gida na wasu makonni, amma ba wanda ya shirya ta kan ɓawon da zai dinga taruwa a hancin yana wari, ga jin ƙamshi ya ragu, hankalinta ya tashi sosai wallahi sai da muka koma suka share mata suka nuna mata wankin hanci da ruwan gishiri. In za a yi wa naka, ka tambayi wannan tun kafin a sallame ku, ka kuma tambaya ko sun duba ƙarfin matsin ruwan a kai, don in ya yi yawa yoyon kan dawo.