Ziyarar ɗalibai babban cocin Fatima na Sabon Gari: abin da ake samu da inda ake kuskure

Malamin addinin Kirista ko na tarihi a Kano yana da aji a shirye a Sabon Gari, wato babban cocin Katolika na Our Lady of Fatima. Awa biyu ta isa, kuma a ganinmu ta fi mako guda ana rubutu a allo, in dai an tsara ta. Wurin ibada ne, ba gidan tarihi irin Gidan Makama ba, don haka kada a sa ran samun mai zagayawa da baƙi yana jira a bakin ƙofa. A rubuta wasiƙa zuwa ofishin cocin mako biyu kafin ranar, a faɗi yawan yara da ajinsu, a roƙi fada (limamin cocin) ko katikis (mai koyar da addini a cocin) ya tarbe su.

Abu na farko da za a nuna musu kujera ce. Ba girman gini ke sa coci ya zama babban coci ba, kujerar bishop ce da ke kusa da bagade. Daga sunanta na Latin, cathedra, aka samo sunan irin wannan majami'a a Turanci, wato cathedral. Yaro in ya ga kujerar da idonsa ya gane mene ne dayosis, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, ba sai an yi dogon bayani ba. Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, bayan an cire ta daga Kaduna a 1991. Bishop na farko Patrick Sheehan ne, ɗan Ireland, John Niyiring ya gaje shi a 2008.

Inda ya kamata a daɗe shi ne Hanyar Gicciye, hotuna 14 da ke jere a bango, daga hukuncin da Bilatus ya yanke wa Yesu har zuwa saka shi a kabari. A raba yara biyu-biyu, kowane biyu su ɗauki hoto ɗaya, su duba shi minti uku, sannan su faɗa wa sauran abin da suka gani: wa ke tsaye, wa ya faɗi, me ke hannun soja. Minti 25 ke nan, kuma shi ne sashen da ke zama a ƙwaƙwalwa. Daga nan sai wurin baftisma, da 'yar jan fitilar da ke ci kusa da akwatin ajiye gurasar Jibin Ubangiji, wadda ake tsarkakewa a lokacin ibada, alamar cewa akwai tsarkakakkiyar gurasa a ciki. A lura da launin kayan bagade: shunayya a azumin kwana 40 da gab da Kirsimeti, fari a Ista da Kirsimeti, kore a yawancin sauran ranaku.

Tambayar da yara ba sa rasa yi ita ce dalilin da ya sa coci ke da sunan Fatima. Sunan wani gari ne a Fotugal, inda Katolika suka yi imani Maryamu ta bayyana ga yara uku makiyaya a 1917. Gara malami ya zo da amsar a aljihu.

Ɓangaren tarihi kuwa nauyinsa na wuyan makaranta, a nan ne ma ziyarar ke yin rauni. Gini ba zai gaya wa yaro cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu har Sabon Gari ta kafu ba. Ana kuma yawan haɗa labarin Bishop Tugwell da Likita Miller, Turawa 'yan mishan waɗanda Sarki Alu ya sallama daga Kano a 1900, da na Katolika, alhali su 'yan Angilikan ne. A koyar da wannan a aji tun kafin a shiga mota.

Lokaci mafi kyau Talata zuwa Alhamis, tara zuwa sha ɗayan safe. Juma'a akwai cunkoso, Makon Ista kuma ma'aikatan coci ba su da sukuni. A ƙara rabin awa saboda adaidaita sahu da masu kura a kewayen kasuwar Sabon Gari. Yara 30 sun isa tafiya ɗaya, malami ɗaya ga kowane goma. In sun haura haka na baya ba sa jin komai, sai surutu, ga gini mai amsa kuwwa.

Makarantar da ke da Musulmi da Kirista ta aika wa iyaye takardar neman izini, ta rubuta ƙarara cewa kallo da tambaya za a je, ba ibada ba: babu wanda za a sa ya durƙusa ko ya taɓa ruwan tsarki da ke bakin ƙofa. Tsallake wannan takarda ne ke jawo ƙorafi washegari. A hana hawa dandamalin bagade, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, abinci ya zauna a mota. In a watan Maris ko Afrilu ne, jaka biyu ta fiya wata ba ta yi yawa ba.