Tiyatar gyaran hanci: zafin da sauƙi, toshewar ce wahala

An yi min tiyatar gyaran hanci ne saboda karan hancina ya karkace, numfashi ta ɓari ɗaya sai da ƙyar. Aikin ya yi kyau, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma jinyar tana da nata nauyin, ya kamata mai niyya ya san shi tun kafin ya kwanta.

Raɗaɗin kansa bai kai yadda na zata ba. Wani nauyi ne da zugi a tsakiyar fuska, kamar mura mai tsanani ta kama mutum, kuma farasitamol da maganin da likita ya rubuta sun ishe ni. An hana ni asfirin da ibuprofen a farkon jinya, domin suna ƙara zubar jini.

Abin da ya galabaitar da ni shi ne toshewa. An cusa auduga a ƙofofin hancin biyu, ga kumburi daga ciki, numfashi ya koma ta baki ɗungurungum. Cikin dare na kan farka harshe ya bushe ƙayau, leɓe ya tsage, maƙogwaro na ƙuna, dama bututun da aka zura lokacin da aka sa ni barci ya riga ya gurje shi. Kwanciya kuwa sai rigingine, kai a tashe kan filo biyu ko uku, babu juyi. Abinci ba ya ɗanɗano tunda ƙamshi ya ɗauke. Ga majina da busasshen jini, hannu na ƙaiƙayin fyacewa, alhali an hana fyace hanci na tsawon makonni. Atishawa ma sai an buɗe baki. Ruwan gishirin da ake fesawa a hanci ya taimake ni ƙwarai, haka ma ajiye kofin ruwa a gefen gado.

Ƙasan idanu kan kumbura ya yi baƙi, ya fi muni a kwana na 2 zuwa na 3, sannan ya washe cikin kamar mako 2. Ƙanƙara a tsumma ake ɗorawa a kumatu, ba a kan hancin ba. Abin da ke tallafe karan hanci ana cire shi bayan kimanin mako 1. Mai sa tabarau sai ya haƙura da shi wajen mako 4 zuwa 6.

Ƙorafina ɗaya ne. Ba a yi min bayani sosai kan kumburin da ke daɗewa ba. Ranar da aka cire filasta na ga hancin ya yi suntum, bakinsa da leɓen sama ba na jin su, hankalina ya tashi. Ashe kumburin na iya kai shekara 1 kafin ya sace gaba ɗaya, kuma bakin hancin ne ke zuwa ƙarshe. Wannan magana ce da ya kamata likita ya zaunar da mutum ya faɗa masa tun ranar farko. A tambaye shi kuma ko zai cusa auduga, domin ba kowane likita ke sawa ba, da lambar da za a kira idan jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi ya taso.