Gargaɗi kan mai zumar WhatsApp da takardarsa ta "gwaji"

Jama'ar Yamai, a yi hattara. Akwai wani mai tallar zuma a zaurukan WhatsApp, yana cewa daga Makalondi ake kawo masa ita, kuma yana turo hoton takarda mai hatimi wai ɗakin gwaji ya tabbatar da asalinta. Na sayi lita biyu domin Inna da tari ya dame ta. Da muka buɗe, ƙaurin ƙonannen sukari ne ya tarbe mu. Na kira shi, ya ce: "Alhaji, ba ka ga takarda ba?" Washegari ya toshe lambata.

Takardar ce ta fi ɓata mini rai, don da ita yake cin amanar mutane. Ba ta da kwanan wata, ba ta da lambar da ta haɗa ta da kwalbar da ke hannunka.

Tabbatar da asalin abu ba a yin sa da kwalba guda. Turawa sun daɗe da wannan aiki a kan giyar inabi. Ba abin shanmu ba ne, amma dabarar abin lura ce: tun farkon shekarun 1990 Tarayyar Turai ke tara samfur daga gonakin inabi kowace shekara, ana auna sinadaransa ana ajiye alƙaluman. In an yi shakkar wata kwalba, sai a gwama ta da wannan tarin ta hanyar ƙididdiga, a ga ko ta faɗa cikin jerin yankin da aka ambata. To, ina tarin samfurin zumar Makalondi da mutumin nan ya gwama tasa da shi?

Ita zuma, a ɗakin gwaji ana auna nau'in kabon (wani sinadari da ke cikin kowane irin sukari) da ke cikinta, domin sukarin rake da na masara sun bambanta da zaƙin furanni. Ko hakan ma masu algus na kauce masa da ruwan sukarin shinkafa. A 2023 binciken Tarayyar Turai ya nuna cewa cikin samfur 320 na zumar da aka shigo da ita, kashi 46 cikin ɗari ana zargin an yi musu haɗi. Gwajin ashana ko ɗiga ta cikin ruwa ba sa raba gardama.

Don Allah, wanda ya ga tallar nan kada ya tura kuɗi kafin ya ɗanɗana, musamman masu saya wa iyaye masu ciwon suga. Ni dai na koma wurin mai amya da na sani ido da ido.