Kokwamba: a bar ta ta yaɗu a ƙasa ko a kafa mata sanda?

Wadda aka bari a ƙasa ba ta cin kuɗi, amma tana cin fili: ratar mita 1 tsakanin kunya da kunya. Ganyenta na rufe ƙasa, damshi ya daɗe, abin so ne da rani. Da damina kuwa 'ya'yan na kwanciya cikin laka, gefe guda ya yi fari ko ya ruɓe.

Ta kan sanda, mai tsayin mita 1.5 da igiya, ratar santimita 40 ta ishe ta. Iska na ratsa ganye, cutar fumfuna ta ragu, 'ya'yan su fito miƙaƙƙu. Sai dai ƙasarta na saurin bushewa, kuma ƙishirwa na sa kokwamba ɗaci. A ƙaramin tsakar gida, sanda ta fi.